Me Ya Haɗa Yaƙin Turai da Kuɗin Keke a Muciya?

Duk lokacin da man fetur ya yi tsada, mu ɗalibai muna ji a jikinmu. Mai Keke Napep daga Muciya zuwa Samaru zai ƙara kuɗi, mai markaɗe ma zai ƙara. Wasunmu dole su tako da ƙafa, su makara, a tare su a bakin get. To, daga ina matsalar take tasowa?

Najeriya tana haƙo ɗanyen mai a yankin Neja Delta, amma ba a zuba shi a mota sai an tace shi. Matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, ta daɗe ba ta aiki. Shi ya sa ƙasarmu ta yi shekaru tana sayar da ɗanyen mai a waje, tana sayo tatacce da dala. Jirgin ruwa ya kawo shi Legas, tanka ta ɗauko shi zuwa Zariya. Tafiyar kamar sarƙa take, idan wuri ɗaya ya tsinke, kowa zai sha wahala.

A watan Fabrairun 2022 an shigo da gurɓataccen fetur daga Beljiyam. Da aka janye shi, sai layi ya cika gidajen mai, 'yan bumburutu suka samu kasuwa. A wannan watan ne Rasha ta shiga yaƙi da Yukiren. Rasha babbar mai sayar da mai ce, don haka gangar ɗanyen mai ta haura dala 100. Akwai kuma mashigar Hormuz kusa da Iran, inda kusan kashi ɗaya cikin biyar na man duniya yake bi. Ko barazanar rufe ta aka yi, farashi yakan tashi.

Da can tallafin gwamnati yana rage mana zafin. Ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Tinubu ya ce an cire shi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Matatar Dangote a Legas ta fara sayar da fetur a Satumban 2024, amma farashinta ma yana bin dala da kasuwar duniya.

Mu a kulob ɗinmu muna ganin ƙasar da take tace manta, take kuma amfani da hasken rana, ba kowace rigimar waje ce za ta girgiza ta ba. Rana dai muna da ita a Zariya, kuma ba a jirgin ruwa take zuwa ba.