Idan Adadi Ya Fita Zakka

Daga 1950 zuwa 1973, ana rubuta yawan kiran tarho da ake bugawa daga Beljiyam zuwa ƙasashen waje a kowace shekara. Adadin yana hawa sannu a hankali: miliyan 4.4 a 1950, miliyan 16.1 a 1962. Kwatsam a 1964 sai ya yi tsalle zuwa miliyan 119, ya kai 212 a 1969, sannan a 1971 ya faɗo 24. Daga baya aka gano dalili: daga 1964 zuwa 1969, jimillar mintocin da aka yi ana magana aka rubuta a gurbin yawan kira.

Masanin ƙididdiga da ke son sanin yadda kira ke ƙaruwa, layi yake ja a tsakiyar adadan. Tsohuwar hanyar jan layin, wadda Legendre ya wallafa a 1805 kuma Gauss ya faɗaɗa a 1809, tana auna tazarar kowane adadi daga layin, ta ninka tazarar da kanta, sannan ta zaɓi layin da jimillarsa ta fi ƙanƙanta. A wannan ninki matsalar take. Adadin da ya kauce da ɗaya, nauyinsa ɗaya ne. Wanda ya kauce da goma, nauyinsa ɗari. Mai kuskure mafi girma shi ke da babbar murya a taron. Shi ya sa a lissafin Beljiyam hanyar ta ce kira yana ƙaruwa da kusan miliyan 5 a shekara, ta ja layin da bai dace da shekarun kirki ba, bai kuma dace da gurɓatattun ba.

A 1964 Peter Huber, ɗan ƙasar Suwizalan, ya kawo gyara. Ƙaramar tazara a ninka ta kamar da, amma idan ta wuce wata iyaka sai a ƙirga ta yadda take. Iyakar da aka fi sawa ita ce 1.345 na ma'aunin warwatsuwar adadan, domin da ita kashi 5 cikin ɗari kacal na inganci ake asara idan bayanan ba su da aibu. Hanyar John Tukey ta fi tsanani: adadin da ya wuce 4.685 ba ya samun nauyi ko kaɗan. A bayanan tarhon, ta Huber ta sauko da ƙaruwar zuwa kimanin miliyan 2, ta Tukey kuwa ta ba da miliyan 1.1, wanda shi ne ya yi daidai da shekarun da aka rubuta da kyau. A 1984 Peter Rousseeuw, ɗan Beljiyam, ya fito da hanyoyin da ba sa karkacewa ko da kusan rabin bayanan ya lalace, Victor Yohai na Ajantina kuma ya haɗa wannan juriya da inganci a 1987.

Abin da na fi daraja wa waɗannan hanyoyi shi ne suna nuna wa mai bincike inda zai koma ya duba. Shekarun da suka tashi ba nauyi su ne ke cewa a buɗe kundin 1964 a ga abin da ya faru. Wani lokaci kuskuren rubutu za a tarar, wani lokaci kuma baren adadin shi ne labarin gaskiya.

To, a yau manhaja ke yin lissafin, kuma nan wata wahalar take. Mutum biyu za su ɗauki bayanai iri ɗaya, kowa ya ce ya ja layi mai juriya, amsoshinsu su bambanta, alhali babu wanda ya yi kuskure. A harshen kwamfuta na R, wanda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙira a Jami'ar Auckland, umarnin rlm yana bin Huber idan ba a ce masa komai ba, lmrob kuma yana bin Yohai. A Python, RLM na statsmodels yana kusa da rlm, amma HuberRegressor na scikit-learn 1.35 yake sawa, yana kuma ɗan matse sakamakon. Umarnin robustfit na MATLAB da ROBUSTREG na SAS da nauyin Tukey suke farawa. Shi kuwa rreg na Stata, sai ya fara zubar da adadan da ma'aunin Cook ɗinsu (mai nuna yadda adadi ke jan layin) ya wuce 1, ya bi Huber, ya ƙare da Tukey. Wanda ya kwafi aikin MATLAB zuwa R bai sauya komai ba, a bayanan Beljiyam zai ga 1.1 ya koma 2.

Akwai tarkon da ya fi wannan kama ɗalibai. Zaɓin vce(robust) na Stata ba ya taɓa layin sam, ƙiyasin kuskuren da ke kewaye da shi kawai yake gyarawa, don haka ƙaruwar tana nan a miliyan 5. Hanyoyin Rousseeuw da Yohai kuma suna farawa ne da ɗibar ƙananan rukunan bayanai ta hanyar ƙuri'a, saboda haka ko a kwamfuta ɗaya amsar tana iya ɗan motsawa idan ba a ɗaure lambar da ƙuri'ar ke tashi daga gare ta ba. Duk rahoton da bai faɗi irin nauyin da aka bi, da iyakar da aka sa, da yadda aka auna warwatsuwa, da wannan lamba ba, mai son maimaita shi a wata manhaja sai dai ya yi ta lalube.