Kiwon Itacen Gida a Gwandu da Kalgo

 Ya malamai da attajirai, maganarmu ta yau a kan itacen da ke tsakar gida ne da na ƙofar zaure, da yadda ya kamata a yi masa aski.

Wanda duk ya shiga Gwandu, garin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ke kwance tun rasuwarsa a 1829, zai ga inuwar da almajirai ke karatu a ciki, da wadda 'yan tireda ke shimfiɗa kaya, galibinta ta dogon yaro ce. Wannan itace kuwa baƙo ne, asalinsa ƙasar Hindu. A 1928 aka fara dasa shi a Barno, daga nan ya bazu har ya iso ƙasashen Sakkwato da Gwandu. Yana jure fari, yana riƙe ganye cikin bazara sa'ad da ake bukatar inuwa. Amma saurin girmansa yana sa reshe ya hau kan kwano ko ya kai wayar lantarki, sai mai gida ya aika a kira mai gatari.

To, nan ɓarna take farawa, kuma daga wajen ciniki take fitowa. Mai gida ba ya so ya fid da kuɗi, sai ya ce wa mai sara, “Ka sare, itacen naka ne.” Wanda ladansa itace ne, ina dalilin da zai sa ya bar reshe? Sai ya gundule kan gaba ɗaya, ya bar kututture tsaye, ya ɗaura kayansa a amalanke. Malamai sun fi mu sani, sharaɗin ijara a mazhabar Maliku shi ne lada ya zama sananne. Ladan da ba a san yawansa ba sai an gama sara, kuma mai karɓa shi ne mai aunawa da gatarinsa, lalle abin dubawa ne. Abin da ya fi, a yanka lada da kuɗi, a nuna rassan da za a cire ɗaya ɗaya, sa'an nan in ana so a sayar masa da itacen, a yi wani ciniki dabam.

Itacen da aka gundule yana sake toho, har ya fi na da duhu, shi ya sa mutane ke zaton an yi masa gyara. Ba haka ba ne. Sabbin rassan nan daga gefen ɓawo suke fitowa, ba su da kama a cikin zuciyar itace, ga shi kuma bakin saran ya buɗe wa ruwa da gara hanya, ciki yana ruɓewa a ɓoye. Bayan 'yan shekaru, in sun yi nauyi, iskar farkon damina da ke tasowa daga gabas cikin Mayu da Yuni sai ta ɓalle su. A ƙarƙashi kuwa yara ne da allunansu.

Gwanin wannan aiki da zarto yake hawa, da tsani da igiya. Busasshen reshe yake fara cirewa, da mai rami, da wanda ke gugar ɗan'uwansa, kuma ba ya ɗauke fiye da rubu'in ganye a shekara guda. Babban reshe sau uku yake yanka shi: ya fara tsaga daga ƙasa don kada nauyi ya yage ɓawo har gindi, ya yanke daga sama can gaba kaɗan, sa'an nan ya cire guntun da ya rage daidai bakin kumburin da ke wuyan reshe, ba tare da ya taɓa kumburin ba, domin daga nan ne itace ke rufe mikinsa. Lokacin ɗari ya fi dacewa, tun hadari bai fara haɗuwa ba. Reshen da ya taɓa waya kuwa, kada kowa ya hau, a kira ma'aikatan lantarki su yanke wuta tukuna.

Kalgo tata matsalar dabam ce. Sunan garin ma sunan itace ne, wanda ake igiya da ɓawonsa. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, mazauninta kuma ya kasance kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, gonaki suna ta komawa filayen gini. Mai sayen fili yakan tarar da tsamiya ko gawo a ciki, ya ce a bar masa don inuwa, madalla. Amma magina sai su haƙa harsashi dab da gindi, su datse saiwoyin gefe guda, su malale sauran da siminti. Itacen da aka yi wa haka yakan yi shekaru yana bushewa daga sama, ko ya kife ta wajen da ba shi da saiwa. Gara a ja ginin baya, a bar ƙasa a buɗe gwargwadon faɗin inuwarsa. Gawo kuma in ya zubar da ganye da damina kada a ce ya mutu, halinsa ke nan, da rani yake toho.

Saura haƙƙin maƙwabci. Ibnu Asim na Garnada, wanda ya rasu a 1426, ya keɓe fasali a kan cutar itatuwa a cikin Tuhfa, littafin da alƙalanmu suka daɗe suna hukunci da shi. Abin da ake fahimta a can shi ne reshen da ya ƙetara sararin maƙwabci ana yanke shi, haka kuma abin da ke cutar da katangarsa daga itacen da aka dasa bayan an gina ta. Saboda haka mai dasa sabon dogon yaro ya auna kamar taku goma daga katanga, da rijiya, da masai, kafin ya haƙa rami.