Munduwa da Laya a Ƙasar Daura: Tarihin da Aka Ɗaura a Hannu

A shekarar 1992 masu binciken tarihi suka tona wasu manyan kusheyi a Durɓi Takusheyi da ke ƙasar Mani, tsakanin Katsina da Daura. Tun 1907 Baturen mulki Palmer ya taɓa haƙa a wurin, amma tonon 1992 ne ya fito da abin da ya girgiza masana. An tarar da mamatan da adonsu: mundaye na tagulla, awarwaron hauren giwa, duwatsun wuya, wuri, zobban zinariya, har da tasar ƙarfe da aka ƙera a Gabas ta Tsakiya. Bincike ya nuna an binne su ne tsakanin ƙarni na 13 da na 16. An kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara su, aka dawo da su Nijeriya a 2014.

Durɓi ƙasar Katsina ce, amma ba bare ba ce ga Daura. Tarihin baka ya ce Kumayo, jikan Bayajida, daga Daura ya fito ya kafa sarauta a can. Saboda haka abin da aka gani a hannun waɗancan mamata yana ba mu hasken abin da manyan Daura suke sawa a wancan zamani. Ƙwayoyin wurin daga tsibiran Tekun Indiya suka taso. Tagulla kuwa, Ibn Battuta da ya sauka Takadda a yankin Azbin a 1353 ya shaida ana fitar da ita zuwa Gobir da Barno. Wuyan hannun mace ɗaya ya isa ya nuna maka nisan hanyoyin fatake.

Ƙarfe da maƙeri suna cikin tushen labarin Daura. Kafin Bayajida ya iso rijiyar Kusugu, sai da ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa makamin da ya sare macijin da ke cikinta. Waɗancan maƙeran baƙi ne, masu garma da takobi. Munduwa aikin maƙeran fari ce, masu narka tagulla da azurfa da gaci. Da azurfa ta yawaita a ƙarni na 19, yawancinta daga kuɗin Ostiriya ne mai ɗauke da shekarar 1780, wanda ayari ke ƙetaro Sahara da shi. Maƙeri ya narka, ya zuba, ya yi masa zane. Ƙarau kuma, na gilashi, Nufawan Masaga na Bida ne gwanayensa, fatake su kawo kasuwannin Hausa.

Wanda ya ɗauki munduwa kwalliya kawai bai san zaman gidan Bahaushe ba. Dukiyar mace ce ta kanta, wadda miji ba shi da iko a kanta. Uwa ta ba 'yarta ranar da za a kai ta ɗaki, ita ma ta adana wa tata. In damina ta ƙi, ko ciwo ya kwantar da yaro, ko aure ya mutu, ita ake cirowa a jinginar ko a sayar. Shi ya sa ake yin ta da nauyi, har mai ita ta riƙa tafiya a hankali. Matan yau da ke tara zinari daga Saudiyya da Dubai hikimar kakanninsu suke bi, ƙarfen ne kawai ya sauya.

Laya tata hanyar daban, ko da yake sau da yawa a hannu ɗaya ake samun su. Malam ya ɗauki alƙalamin kara da tawada, ya rubuta ayoyi ko sunayen Allah, wani lokaci ya zana hatimi mai gidaje cike da haruffa da lambobi. A naɗe takardar, a ɗaure da zare, a kai wa baduku ya ɗinke ta cikin jar fata. Baduku ba ya buɗewa, mai laya ma ba ya buɗewa, domin an yi imani in an tona ta ƙarfinta ya karye. Akwai kuma ta boka, wadda cikinta saiwa ce, ko gashin dabba, ko wani abin da ba a faɗa. Daga waje ba ka iya bambance su, kuma daga nan ne duk rigimar da ake yi a kan laya ta samo asali.

Kowane wuri a jiki da irin tasa. Kambu a damtse, guru a ƙugu, ƙaramar laya a wuyan jariri don tsoron maita da kambun baka. Ɗan kasuwa yana neman farin jini, mai sarauta kwarjini, ɗan tauri maganin ƙarfe, mafarauci ya cika rigarsa da layu har ba a ganin yadin. Ɗan dambe kan cusa tasa cikin karan da ya naɗe hannu da shi. An yi sagau, wai mai sandarar da hannun abokin gaba, an yi layar zana, wai mai ɓatar da mutum daga ido. Duk wanda ya tsaya kallon hawa a Daura lokacin Sallar Gani, ya dubi wuyan dawakai da kyau: layu ne a jere, wasu an lulluɓe su da azurfa, sun zama ado da tsari a lokaci guda.

Wannan sana'a ta malaman Hausa ta yi nisan da mutane da yawa ba su sani ba. A 1817 Baturen Ingila Bowdich ya tarar da manyan Asante a Kumasi suna sayen layun Musulmi da tsada, suna ɗinke su a jikin rigunan yaƙi. A Bahia ta ƙasar Barazil, Hausawan da aka kai bauta sun ƙulla tawaye a 1807, kuma a babban tawayen Musulmi na 1835 an samu layu masu rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe da waɗanda aka kama. Wasu daga cikin takardun nan suna nan a ma'ajiyar tarihin jihar har yau. Mutumin da aka raba da garinsu da iyayensa da sunansa, ayar da ke wuyansa ita ce abin da ya rage masa na gida.

Malamai ba su taɓa haɗuwa a kan magana ɗaya ba game da laya. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ɗaliban ilimi ke karantawa a zaurukan Daura, ta sassauta a kan rataya abin da Alƙur'ani ne a cikinsa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kakkausan suka ga bokanci da cakuɗa addini da tsafi. Bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, wa'azin da ke haramta laya baki ɗaya ya yi ƙarfi, gidaje da yawa suka tsinke guraye suka ƙona. Ni dai ra'ayina a fili yake: fata ba ta tare harsashi, kuma uwar da ta dogara da laya ta ƙi kai ɗanta mai ƙyanda asibiti an cuce ta. Amma barin sa abu daban, hallaka shi daban.

Tsohuwar laya takarda ce ta tarihi. Tana ɗauke da hannun rubutun malamin da ya mutu shekaru ɗari da suka wuce, da irin tawadarsa, wani lokaci a kan takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku da ayari ya kawo daga Tarabulus. Tsohuwar munduwa kuma tana nuna zanen maƙerin da jikokinsa suka koma walda. Yau ana auna mundaye a sikeli a sayar wa 'yan gwangwan a farashin ɓaraguzan ƙarfe, a Daura da Zango da Baure da Sandamu da Mai'aduwa, babu mai rubuta sunan mai su ko garin da aka ƙera su.

Ina roƙon Masarautar Daura ta ware ɗaki kusa da Kusugu, inda baƙi suke zuwa dama, a tara irin waɗannan kaya, a zauna da tsofaffin maƙera da dukawa a naɗi bayaninsu tun suna raye. Kai kuma mai karatu, in ka ci karo da munduwar kakarka a ƙasan adaka, kada ka kai ta sikeli. Tambayi tsofaffin gidanku wa ya ƙera ta, wa ya fara sa ta, ka rubuta, ka ajiye tare da ita.