Mai Gini da Mai Shiga: Darussa Daga Taron Masu Tsara Manhajojin Intanet

A shekarar 2005 waɗansu Amurkawa biyu, Jeffrey Zeldman da Eric Meyer, suka kafa wani taron ƙara wa juna sani wanda suka sa wa suna An Event Apart. An yi zamansa na farko a birnin Filadelfiya, daga nan ya riƙa zagaya biranen Amurka sau da dama a kowace shekara, har aka tsai da shi a ƙarshen 2022. Masu halartarsa su ne ma'aikatan da ke tsara shafuka da manhajoji na intanet. Nufinmu cikin wannan takarda shi ne mu tsamo darussan da suka fito daga bakin masu jawabi a wannan taro da makamantansa, mu bayyana su yadda malami zai iya auna duk wata manhaja da aka ɗora wa ɗalibansa.

Kafin mu shiga, ya kamata a san bambancin shafi da manhaja. Shafi abin karantawa ne kawai, kamar na jarida. Manhajar intanet kuwa wurin aiki ce: a nan mutum ke cika takardar neman shiga makaranta, ya biya kuɗi, ya duba sakamakon jarrabawa. Idan shafi ya yi wuyar karatu, mai karatu ya bar shi ya nemi wani. Amma idan manhaja ta gagari mutum, abin da ya zo nema ne ya kuɓuce masa, wani lokaci ma sai wata shekara.

Tushen matsalar guda ne. Mai tsara manhaja yana zaune a ofis, gabansa babbar kwamfuta, intanet na gudu, hankalinsa kwance, sai ya ɗauka kowa haka ya ke. Alhali kuwa abu uku a ɓoye su ke gare shi: bai san girman allon da za a duba aikinsa a kai ba, bai san ƙarfin intanet ɗin mai dubawa ba, bai kuma san halin da zuciyar mutumin ke ciki ba. Darussan uku na farko kowannensu amsa ce ga ɗaya daga cikin waɗannan, na huɗun kuwa shi ne hanyar gano kuskure.

1. Girman allo

Mai ɗab'in littafi shi ke yanke girman takarda, kuma kowane kwafi haka zai fito. Masu tsara shafukan intanet na farko sun gaji wannan ɗabi'a. Ana auna allon na'ura da ɗigo, watau ƙananan ɗigogin hasken da ke haɗuwa su ba da rubutu da hoto. A ƙarshen shekarun 2000 yawancin masu tsari sun saba yanka shafi a kan faɗin ɗigo 960, domin ya dace da allon kwamfuta mai ɗigo 1024. Da wayar iPhone ta fito a 2007, faɗin allonta ɗigo 320 ne kacal. Shafin da aka yanka domin kwamfuta sai ya ƙanƙance a kanta, har rubutu ya zama kamar sawun tururuwa. Dabarar da aka fara yi ita ce a gina shafi biyu, ɗaya na kwamfuta ɗaya na waya, aiki ya ninku, kuma sau da yawa na wayar ba ya ɗauke da duk abin da ke cikin ɗan'uwansa.

A watan Afrilu na 2010, a zaman taron da aka yi a birnin Siyatil, Ethan Marcotte ya kawo wata shawara, sa'an nan ya buga ta a mujallar A List Apart ranar 25 ga Mayu na wannan shekara. Ya ce a gina shafi ɗaya tak, amma mai miƙewa da tsukewa gwargwadon allo, kamar wando mai zariya wanda ke zama daidai ƙugun siriri da na mai ƙiba. Abu uku ya ce a haɗa. Na farko, a daina auna sassan shafi da ɗigo, a auna su da kashi cikin ɗari. Misali, idan faɗin shafi 960 ne, na wurin rubutu kuma 600, sai a raba 600 da 960, a sami kashi 62.5 cikin ɗari. Wannan kason ba ya sakewa kome girman allo. Na biyu, a hana hoto ya wuce faɗin gurbin da aka sa shi. Na uku, shafi ya tambayi na'ura faɗin allonta, in ƙarami ne sassan da ke jere kafaɗa da kafaɗa su koma bisa juna, ɗaya ƙarƙashin ɗaya.

Ba a daɗe ba shawarar ta karɓu. A 2011 jaridar Boston Globe ta buɗe shafinta a kan wannan tsari, da hannun Marcotte a cikin aikin. A watan Afrilu na 2015 Google ya fara fifita shafukan da suka dace da waya ga masu bincike ta waya. Kamfanin ƙididdiga na StatCounter ya ba da sanarwa cewa a watan Oktoba na 2016, a karo na farko, shiga intanet ta waya da ƙananan alluna ya zarce shiga ta kwamfuta a duniya, da kashi 51.3 cikin ɗari.

Wani mai yawan jawabi a wannan taro, Luke Wroblewski, ya ƙara gaba. Tun a 2009 ya ke cewa a fara da tsara na waya, kafin na kwamfuta. Dalilinsa lissafi ne: wanda ya sauko daga allo mai ɗigo 1024 da 768 zuwa mai 320 da 480 ya rasa wajen kashi 80 cikin ɗari na filinsa. Tilas ke nan ya zauna ya tantance abin da mai shiga ya zo yi, ya zubar da tarkace. Wanda ya iya shirya kayansa a ƙaramin ɗaki, babban ɗaki ba zai gagare shi ba.

2. Ƙarfin intanet

Shafin intanet hawa uku ne. Akwai HTML, shi ne ainihin rubutu da guraben cikawa. Akwai CSS, shi ne ado, watau launi da jeri. Akwai JavaScript, shi ne mai motsi, mai sa shafi ya amsa nan take. Mu kwatanta su da bango, da yaɓe, da wutar lantarki. Gidan da ke da bango da ƙofa ana iya kwana cikinsa ko an ɗauke wuta. Gidan da ƙofarsa ba ta buɗewa sai da wuta, ranar da aka ɗauke ta mai gida a waje zai kwana.

A 2003, a wani taro dabam a birnin Ostin na jihar Tekzas, Steve Champeon da Nick Finck suka bayyana wannan ƙa'ida: a fara da gina abin da zai yi aiki a kan na'ura mafi rauni, sa'an nan a riƙa ƙara ado da motsi ga mai ƙarfin ɗauka. Masu jawabi a An Event Apart sun yi ta nanata ta shekaru da yawa, domin manhajoji sun yi ta komawa ga dogara da JavaScript kacokan, har in bai iso ba mutum ba ya ganin kome sai farin allo.

Masu musu su kan ce ai kusan babu mai kashe JavaScript a na'urarsa. A 2013 ma'aikatan da ke kula da shafin gwamnatin Birtaniya, GOV.UK, suka auna. Suka tarar kashi 1.1 cikin ɗari na masu shiga, watau mutum 1 cikin 93, ba ya samunsa. Daga cikin wannan, kashi 0.2 ne kawai suka kashe shi ko na'urarsu ba ta ɗaukarsa, ragowar 0.9 bai iso gare su ba ne, saboda yankewar layi da makamantan haka. To, in haka ta faru a Birtaniya, mai hankali ya san abin da zai faru ga ɗalibin da ke ƙauye, layi na zuwa yana ɗaukewa, kuɗin datarsa kuma ƙidayayye ne.

3. Halin mai shiga

Darasi na uku ya fi sauran nauyi. A watan Yuni na 2014 'yar Eric Meyer ta rasu da ciwon dajin ƙwaƙwalwa, ranar da ta cika shekara shida. A watan Disamba Facebook ya haɗa wa kowane mai amfani da shi taƙaitaccen tarihin shekararsa, da zane-zanen biki kewaye. Meyer ya buɗe, sai ga hoton 'yarsa a tsakiyar wannan ado. Ya rubuta a kan abin, wani jami'in kamfanin ya ba shi haƙuri. Meyer bai ce an yi da mugun nufi ba. Abin da ya nuna shi ne, masu tsarin sun zana wa kansu mutum ɗaya, wanda shekara ta yi wa daɗi, suka manta da wanda ta yi wa ɗaci.

Daga nan ya riƙa jawabi a taron a kan tsara aiki domin mutumin da ke cikin tashin hankali, kamar uban da ke neman hanyar ɗakin gaggawa a shafin asibiti da tsakar dare. A 2016 shi da Sara Wachter-Boettcher suka fitar da littafi a kan haka. Shawararsu ita ce a auna kowane tsari da wanda ya fi kowa matsuwa. Idan ruɗaɗɗe ya iya gane inda zai danna, mai natsuwa ba zai ɓata ba. Saboda haka a taƙaita tambayoyi, a yi magana a fili, in mutum ya yi kuskure a nuna masa gurbin da kuskuren ya ke, kada kuma a share masa abin da ya riga ya cika.

4. Gwaji

Yaya mai tsari zai san ya kuskure, tun da shi aikinsa ba ya yi masa wuya? Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Sai a kira irin mutanen da aka yi abin dominsu, a ba kowanne aiki ɗaya, a zauna a zuba masa ido ba tare da an taimake shi ba, ana rubuta duk inda ya tsaya. Wannan hanya ta girmi taron da mu ke magana a kai. A 1993, a wani taro a Amstadam, Jakob Nielsen da Thomas Landauer suka gabatar da lissafin yawan mutanen da a ke bukata. A 2000 Nielsen ya taƙaita shi da cewa mutum biyar su kan tono wajen kashi 85 cikin ɗari na matsaloli, kuma gara a yi gwaji uku da mutum biyar-biyar, ana gyara a tsakani, da a yi ɗaya da goma sha biyar. Amma fa wannan ga mutane iri ɗaya ne; in masu amfani sun kasu, kamar malamai da ɗalibai, kowane kashi da nasa gwajin.

Abin da ya shafi masu Hausa

Ga mai gina manhaja da Hausa akwai abu na huɗu da ke iya ɓoye masa, shi ne rubutun kansa. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna da gurbinsu a ma'aunin haruffa na Unicode, amma ba kowane salon rubutu ke ɗauke da su ba, sai a ga ɗan akwati a maimakon harafi. Mutane da yawa kuma ba sa buga su a waya. Wanda ya rubuta "kasa" a gurbin bincike yana iya nufin "ƙasa", don haka ya kamata manhaja ta kawo masa duka biyu. Haka kuma abin da a ke rubutawa 'y a Nijeriya, ƴ a ke rubuta shi a Nijar. Sa'an nan gurbin suna da ke ƙin karɓar alamar hamza ya kori kowane Mu'azu da kowace Sa'adatu, ko ya tilasta musu su sake rubutun sunansu, ya saɓa da na takardar shaidarsu.

Saboda haka malamin da aka kawo wa manhaja domin ɗalibansa, ba sai ya iya gina ta ba kafin ya auna ta. Ya buɗe ta a ƙaramar waya mai araha. Ya gwada ta inda layi ba shi da ƙarfi. Ya cika gurbi ɗaya ba daidai ba, ya ga abin da za ta ce masa. Ya rubuta suna mai hamza da kalma mai lanƙwasa. Daga ƙarshe ya miƙa wa ɗalibai biyar, ya yi shiru ya duba. In suka tsaya wuri ɗaya su duka, to, a rubuta a mayar wa mai gini, domin gyaran nasa ne.