Daga Buhun Gero Zuwa Digiri na Biyu: Hanyar Zama Masanin Ƙididdiga

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu hatsi a kasuwar Rimi da ke cikin birnin Kano ya san abin da mai saye yake yi kafin ya taya buhun gero. Ba ya zazzage buhun ya duba ƙwaya ɗai-ɗai. Hannu yake cusawa ya ɗebo, ya murza, ya duba, sa'an nan ya yanke wa buhun duka hukunci. In kuwa gogagge ne, ba zai tsaya a bakin buhu ba, domin ya san mai algus a sama yake zuba mai kyau. Wannan ɗibar hannu ɗaya ita ce tushen ilmin ƙididdiga, wato sanin halin abu mai yawa ta hanyar nazarin ɗan kaɗan daga cikinsa, wanda ake kira samfur.

A shekarar 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano, ya ƙiyasta mazauna cikin ganuwa kimanin 30,000. Ƙiyasi ne na ido, babu hanyar auna nisansa da gaskiya. A nan masanin ƙididdiga ya sha bamban da mai kintace: yana ba da adadi, ya kuma faɗi iyakar kuskuren da ke tare da shi. Alal misali, in aka zaɓi mutum 1,000 ta hanyar ƙuri'a aka yi musu tambaya, sakamakon kan kauce wa gaskiya da abin da bai wuce kimanin kashi 3 cikin 100 ba, ko mutanen garin dubu ɗari ne ko miliyan goma. Mai son rage kuskuren nan zuwa rabi kuwa, sai ya ninka samfurin sau huɗu.

Wannan ilmi ya taɓa rayuwar yaran Kano kai tsaye. Bayan dakatar da rigakafin shan-inna a jihar a 2003 da dawo da shi a 2004, babbar tambayar ita ce: yara nawa ake tsallakewa a lungunan Dala da Gwale da sauran wurare? Rahoton masu ɗiga maganin kaɗai bai isa shaida ba, bin kowane gida kuma ba zai yiwu ba. Sai aka ɗauki dabarar mai sayen gero. A ƙaramar hukuma akan zaɓi unguwanni 6 ta ƙuri'a, a duba yara 10 a kowace, a ga ko akwai shaidar tawada a yatsarsu. In marasa shaida suka wuce adadin da aka ƙayyade, sai a sake zagayen. Yaro na ƙarshe da ƙwayar cutar ta daji ta kama a Jihar Kano an same shi a Sumaila a 2014, kuma a 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ita.

To, wane ne yake yanke cewa yara 60 sun isa? Aikin wanda ya zurfafa karatu ne. Digiri na farko, mai shekara huɗu, yana koya wa ɗalibi amfani da hanyoyin da wasu suka shimfiɗa. A digiri na biyu ake koyon dalilin da ya sa hanyar take aiki, da lokacin da take yaudara. Akan karanta lissafin yiwuwar aukuwar abu, da dabarun zaɓen samfur, da tsara gwaji, da sarrafa alƙaluma a kwamfuta da manhaja irin su R, sa'an nan a rubuta kundin bincike a kare shi gaban malamai. Fannin tsara gwaji a gona ya girma, domin Ronald Fisher ya gina shi ne a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, inda ya fara aiki a 1919. Da ƙa'idojinsa ake gwada sabon iri a Samaru, da su kuma ake gwada sabon magani.

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da ta Ibadan duk suna ba da wannan horo. Wanda ya karanta wani fanni makusanci yakan fara da babbar difloma kafin digiri na biyu. Bayan kammalawa akwai aiki a Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da Hukumar Ƙidayar Jama'a da asibitocin koyarwa da bankuna. Buƙatar kuwa a fili take: an soke ƙidayar 1962 da ta 1973 saboda gardama kan alƙaluma, kuma da irin waɗannan alƙaluma ake raba makarantu da asibitoci.

Amma Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ɗalibin sakandare mai wannan buri ya riƙe Lissafi da kyau, domin babu shiga sai da kiredit a cikinsa. Malami kuma zai iya farawa da kwano ɗaya na farin wake gauraye da ja. Kowane ɗalibi ya rufe ido ya ɗebi ƙwaya 20, ya ƙirga jajayen, a rubuta a allo. Amsoshin za su bambanta, amma za su taru kusa da adadi guda. Daga nan sai a ƙirga kwanon duka a gani.