Ɗalibai Masu Aikin Sa Kai a Zango: Tsaronsu da Tsaron Majinyatanmu

Duk wanda ya taɓa jinyar tsoho mai shanyewar ɓarin jiki ya san babbar wahalar sai an dawo gida take farawa. Likita ya sallame ku da ƙullin magani, amma ga Baba ba ya iya kai cokali baki, ba ya iya sa riga, alwala sai an yi masa, bayan gida kuwa na haya ne, yana can ƙarshen tsakar gida.

To, akwai ma'aikatan lafiya da wannan ne aikinsu, wato koya wa majinyaci komawa ga ayyukansa na yau da kullum. Mutanenmu kan haɗa su da masu gashin ƙashi, alhali da bambanci. Mai gashi ƙarfin gaɓoɓi yake nema. Shi kuwa wannan tambayarsa ita ce, me kake so ka koma yi da kanka? Mai koko tana son ta sake riƙe ludayi, tela yana son kekensa, dattijo yana son sahun masallaci. Wani lokaci maganin bai wuce a naɗe ƙotar cokali da tsumma ta yi kauri ba, ko a sa kujera a wurin wanka, ko a kafa ƙarfen dafawa a bango.

Fannin sabo ne a Gana. Jami'ar Gana ta fara koyar da shi a matakin digiri a 2012 a Korle Bu, rukunin farko suka fita a 2016. Ƙidayar 2021 kuwa ta nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na 'yan ƙasa masu shekara 5 zuwa sama suna da wata nakasa ko wahalar yi wa kansu hidima. Masu buƙata sun fi ma'aikatan yawa nesa ba kusa ba. Saboda haka in ɗalibi ya sadaukar da Asabar ɗinsa ya shigo Nima ko Mamobi ko Sabon Zango ba da ko sisi ba, abin a yi masa maraba ne. Sai dai maraba kaɗai ba ta isa ba.

Haɗarin farko yana cikin ɗakin majinyaci. Ɗakunanmu ƙanana ne, katifa a ƙasa, ga akwatuna, ga tabarma mai santsi. Yarinya 'yar shekara 20 ba za ta iya ɗaga namiji babba daga ƙasa ita kaɗai ba. In ta gwada, ko bayanta ya amsa, ko su zube su biyu, kuma karayar ƙugu ga tsoho sau da yawa ita ce kwanciyar da ba ya tashi. An koya musu lanƙwasa gwiwa da riƙe mutum ta ƙugu, ba ta hannun da ya shanye ba, domin kafaɗar wannan hannun tana saurin gocewa. Mu ma da muke jan Baba ta hannu kullum, sai mu tsaya mu kalla mu koya. Abin da ya rage wa masu gida shi ne su kawar da tarkace, su buɗe taga, su tanadi wani ƙaƙƙarfa a cikin 'ya'ya ya tsaya kusa.

Sai maganar cuta. Buta da sabulu a bakin ƙofa ba su fi ƙarfin kowa ba. In akwai mai tari a gidan da ya wuce mako 2, a faɗa tun kafin a shiga. Ɓoyewa don kunya cutar da baƙo ne, ga shi kuwa maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati. Shi ma ɗalibin ya tabbatar ya yi allurar rigakafin ciwon hanta, kuma kada ya taɓa gyambo ba safar hannu.

Hanya ma abin dubawa ce. Baƙo ba ya gane lungunanmu, kuma wanda ya ga ambaliyar 3 ga Yuni 2015 a Ankara ya san abin da kwata kan zama in sama ta buɗe. Su riƙa zuwa biyu-biyu, da hantsi, su fita kafin magariba, malaminsu ya san gidan da suke. Mai unguwa ko liman ya ba su yaro ɗan gari ya raka su. Lambar gaggawa 112 ce, kowa ya ajiye ta a waya.

Yanzu bari mu juya ga namu tsaron, domin a nan ne muka fi sakaci. Mu dai da mun ga farar riga sai mu ce dokta. Ɗalibi ba likita ba ne, bai ma kai ga samun lasisi ba tukuna. Dokar 2013 mai lamba 857 ta ɗora wa hukumar kula da irin waɗannan ma'aikata alhakin yi musu rajista, kuma ɗalibi a ƙarƙashin mai lasisi yake aiki. Ba ya rubuta magani, ba ya yin allura, ba ya cewa a daina maganin hawan jini. Wanda ya zo da sunan aikin sa kai sannan ya fito da kwalabe yana neman sidi 50, a raka shi bakin titi. Tambayar katin makaranta da sunan malami ba rashin kunya ba ne.

Haka nan hoto. Majinyacin da ke kwance ba riga yana da mutuncinsa, kuma ba a ɗaukarsa a waya sai da yardarsa shi kansa, ba ta ɗansa ba. In Hajiya ta ce mace take so ta taɓa ta, a kawo mace. Ɗaliba ma kada a bar ta ita kaɗai da namiji a ɗaki, a bar ƙofa buɗe, wata daga cikin matan gida ta zauna.

Abu ɗaya da kan jawo ɓacin rai shi ne abinci. Uwargida ta zubo tuwo ko wake da shinkafa, baƙi su ce sun gode, sai ta ɗauka raini ne. Sau da yawa wani gidan ne ke jiransu kafin azahar. A ba su ruwan leda mai sanyi, a kuma tambaye su ranar da za su dawo, don wanda zai riƙe Baba ya kasance yana gida.