Kasuwa mai 'yanci: abin da ya kamata ku sani

Kuna jin ana cewa gwamnati ta cire hannunta a harkar mai, ko a bar kasuwa ta yi halinta. Wannan magana tana da tushe, kuma ta shafi duk manomin da ke kai albasa ko shinkafa kasuwar Goronyo ko Achida daga Maikujera da kewaye.

Mece ce kasuwa mai 'yanci?

Ita ce wadda mai saye da mai sayarwa suke yin ciniki bisa yardarsu, babu wanda ya yanka musu farashi. Kun kawo buhun albasa, dillali ya taya, kun ce albarka, ya ƙara, kun sallama. Idan kaya sun yi yawa farashi ya faɗi, idan sun yi ƙaranci ya tashi. Shi ya sa albasa take araha lokacin cira, ta yi tsada bayan watanni.

Su wane ne ke kare wannan ra'ayi?

Ɓangare biyu ne. Akwai masu rajin 'yancin kai, waɗanda ke ganin aikin hukuma bai wuce tsare rai da dukiya da yin shari'a ba. Akwai kuma masu ra'ayin mazan jiya, waɗanda suka yarda da kasuwa amma suna cewa sai da addini, iyali da al'ada za ta tsaya daidai. Adam Smith ɗan ƙasar Sikotilan ya shimfiɗa hujjojin kasuwa a 1776. A 1944 Friedrich Hayek ya yi gargaɗin cewa gwamnatin da ta riƙe abincin mutane za ta riƙe bakinsu. Wannan shi ne kama-karya, wato mulkin da babu mai iya ce masa a'a.

Ba baƙon tunani ba ne a wurinmu?

Wani sashe nasa ya daɗe a gidanmu. Hadisi ya nuna an roƙi Manzon Allah (SAW) ya ƙayyade farashi a Madina, bai yi ba, kuma ya hana ɓoye kaya da tauye mudu. A Kitabul Farƙ, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa jangali, kuɗin gari da ƙwace kayan mutane a kasuwa cikin zaluncin sarakuna. Bambancin shi ne Musulunci ya haramta kuɗin ruwa kuma ya wajabta zakka, abin da masu tsananin rajin 'yancin kai ba sa ɗora wa kowa.

Mun taɓa ganin hannun gwamnati ya yi nauyi?

Ƙwarai. Tun ƙarshen shekarun 1940 hukumomin sayen amfanin gona ne kaɗai ke fitar da gyaɗa da auduga waje. Su ke yanka farashi, sau da yawa ƙasa da na kasuwar duniya, su riƙe rarar. An yi ayyuka da kuɗin, amma daga gumin manomi suka fito. Gwamnatin Janar Babangida ta rushe hukumomin a 1986. A Agustan 2019 kuma aka rufe iyakokin ƙasa har zuwa Disambar 2020. Manomin shinkafa na Wurno ya ga farashi mai kyau, amma magidanci mai awo ya sha wuya, fatake masu bin Illela zuwa Konni suka zauna.

To idan ta janye hannu, wa ke biya?

Nan ne ya kamata ku lura. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, wato kuɗin da gwamnati ke cikawa don litar mai ta yi sauƙi. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki, daga baya ta haura 1,000. Ku dubi mai noman rani a fadamar Rima: sai ya cika injin ban-ruwa da fetur kafin ruwa ya shiga fangali, sai ya biya mota kafin buhu ya isa kasuwa. Masu goyon bayan cirewar suna cewa 'yan sumoga da manyan dillalai ne suka fi cin tallafin. Masu suka suna tambaya: ina kuɗin da aka tara suka tafi? Duka biyun suna da hujja.

Gwamnati kaɗai ce ke danne 'yanci?

A'a, kuma gabashin Sakkwato shaida ne. Inda 'yan bindiga suke sanya wa ƙauyuka haraji kafin a yi noma ko girbi, babu kasuwa mai 'yanci. A Oktoban 2021 sun auka wa kasuwar Goronyo, suka kashe mutum fiye da 40. Haka kuma madatsar ruwan Goronyo da ke shayar da gonakin yankin aikin gwamnati ce, babu ɗan kasuwar da zai gina ta shi kaɗai. Ko masu rajin 'yancin kai sun yarda cewa tsaro da adalci su ne aikin hukuma na farko.

Me za ku riƙe?

Duk lokacin da aka fito da sabuwar doka kan farashi, iyaka ko haraji, ku yi tambaya uku: wa zai amfana, wa zai biya, kuma wa zai bi kadin wanda aka zalunta? Ku kai tambayoyin nan ga kansila, ɗan majalisa da ƙungiyar manomanku. Ku nemi hukuma ta tsare hanya da gona, ta hukunta mai ɓoye kaya da mai algus, sannan ta bar manomi ya sayar da abin da ya noma a inda ya ga dama.